Arba'in Biyu

Bana azuminmu da na Musulmi sun kama tare. Ran Lahadin da ta gabaci farawa, fasto ya tsaya gaban coci yana sanarwa. Ya ce kowa ya yi gwargwadon ƙarfinsa. Ya ce mai ciki, da mai goyo, da mai shan magani, kada su yi, Allah bai nemi wannan gare su ba. Ya faɗe shi tsakanin sanarwar sharar coci da ta taron mata. Ba wanda ya ɗaga kai. Wata yarinya kusa da ni tana latsa waya, jaririnta na tsotso, ga ledar ruwa mai sanyi a cinyarta. Na tashi na fita. Na zauna gindin dogon yaro har anka tashi.

Rabon da azumin biyu su haɗu haka, shekara talatin da 'yan kai. Waccan shekarar ina da goyo.

Mu ba 'yan nan ba ne. Daga ƙasar Zuru mijina Ayuba ya zo aikin dam na Goronyo, yana leburanci, ɗaukar dutse da siminti. Da aiki ya ƙare wasu sunka koma gida, mu munka tsaya. Ya karɓi aron gona a fadama hannun wani manomi, Malam Sidi, a wani ƙauye ƙasa da Taloka. Ɗakinmu na jikin katangar gidansa. Kiristocin wurin tsiraru ne, duk ragowar leburori. Cocinmu rumfar zana ce. Fasto sai Kirsimeti da Ista yake zuwa daga Sakkwato. Sauran Lahadi Ayuba ke karanta mana, don shi kaɗai ya iya karatu cikinmu, shi ma da yatsa yake bi.

Lokacin aikin dam Ayuba mashayi ne. Haƙorina na gaba da babu, shi ya cire shi. Wata rana ya tuba, kuma tuba ta gaskiya. Bai sake taɓa giya ba, bai sake taɓa ni ba. Daga nan ya kama zancen tsarki. Ya ce tsarki hawa ne, wanda ya tsaya ya fara gangara. Kowace shekara sai ya yar da wani abu. Ya yar da taba. Ya yar da goro. Ya yar da hira a bakin kasuwa. Har dariya ya rage. Ni kuwa na gode Allah. Namijin da ke yar da abubuwa ya fi wanda ke jifanka da su. Tsorona ɗaya, kada wata rana in zama dalilin da zai gangara.

Ba munafuki ba ne. Abin da ya ɗora mana, ya ɗora wa kansa ninki. Wannan bai rage komai ba.

Na daɗe ban haihu ba. Mata sun gaji da tambaya sun bari. Sai ga ciki, sai ga 'ya mace ran Lahadi, munka sa mata Ladi. Hajo matar Malam Sidi ita ta yanke cibi. Ita ma tana goyon ɗanta Bello, ya girmi Ladi da 'yan watanni. Ita ta kafa mini tukunyar jego bayan ɗaki. Da safe ruwa na tafasa, ta tsoma ganyen dogon yaro ta fyaɗa mini a baya har in ga taurari, tana cewa, "Yi ihu, maijego, ba kowa nan sai awaki." Daga nan kunun kanwa kwarya guda, da romon ƙauri mai yaji. Haka ake yi har kwana arba'in. Ayuba da kansa ya sayo itacen, ya jibge shi kamar zai gasa gari. Nono kuwa ya zo har yana zuba. Ladi in ta kama sai ta ƙware.

Ba mu yi nisa da jegon ba anka ga wata.

A fadama maza na hutawa gindin mangwaro, Ayuba na cikinsu. Suna sonsa, don ba ya satar ruwan wani, ba ya ƙarya a awo. Wani ya ce, "Ayuba, an ce ku ma kun ɗauka? Wanga azumi naku da aka shan ruwa a tauna gyaɗa?"

Wani ya ce, "Na ƙanena ya hi shi. Shi yana kai azahar."

Anka yi dariya. Wasa ne. Kowace shekara suna yi, shi ma yana ramawa. Amma a bana abin ya shige shi, ban san ta wace ƙofa ba. Ya dawo gida fuska kamar an shafa toka.

Ran Lahadi ya tsaya cikin rumfa ya ce Ubangiji Yesu ya yi kwana arba'in a jeji bai ci ba, mu kuma mun mai da azumi abin dariya a bakin maƙwabta. Ya ce bana za mu yi na gaske. Ba ci ba sha daga asuba har rana ta faɗi. Ba sahur, sahur wayo ne. Ci ɗaya da magariba, ba mai, ba nama. Su talatin za su yi, mu arba'in.

Akwai wani tsoho cikinmu, Baba Markus, makaho, dutse ya fashe masa a ido wurin aikin dam. Ya ce, "Ayuba, mata masu goyo fa?"

"Baba, inda na karanta ban ga an ware kowa ba."

Kowa ya ce amin. Kowa ya koma gida ya rufe ƙofa ya yi abin da zai iya. Ni ƙofata da shi a ciki take rufuwa.

Da munka iso gida na ce, "Maigida, ina cikin arba'in."

"Ni ma ita nake faɗi."

"Ta jego."

"To zaɓi. Ta jiki ko ta rai."

Ya zauna bakin ƙofa, ya sassauta murya, kamar mai koya wa yaro. Ya ce, "Saratu, kin san albasa. In ta kusa cira me muke yi mata?"

"A yanke mata ruwa."

"In ba a yanke ba fa?"

"Ta ruɓe a rudu."

Rudu shi ne rumbun kara da ake ajiye albasa har ta yi tsada. Duk manomi ya san wannan. Albasar da ta sha ruwa har ranar cira tana da girma da ƙyalli, amma ba ta kai damina.

Ya ce, "To haka rai yake. Wanda bai san ƙishi ba, ba ya ajiyuwa."

Na nuna masa Ladi a kan tabarma. Na ce, "Wannan ba ta cira ba ce. Dashe ce. Dashe in ya kwana ba ruwa ya mutu."

"Ba ita za ta yi azumi ba. Ke za ki yi. Allah da ya ba ta, shi zai ciyar da ita. Ko ba ki gaskata ba?"

Na gaskata. Ina son tsarkin nan ni ma. Ina son in tsaya gaban Allah ba kunya. Ban yi makaranta ba, shi ya iya karatu. Washegari ya kashe wutar jego, ya kifa tukunyar. Ya rufe bakin randa da tsumma, ya ɗaure da irin ƙullin da yake yi wa buhun albasa, wanda in ka kwance ba ka iya mai da shi yadda yake.

Bazarar waccan shekara ba ta da imani. Tun hantsi ƙasa ke ɗaukar wuta. Iska in ta taso kamar an buɗe murhu. Kaji na kwance baki buɗe, ƙadangare ma ya bar katanga. Ruwan dam sai an saki yake zuwa. In an saki, gulbi ya cika, kowa ya ruga da injinsa. In an rufe, sai rairayi da 'yan kududdufai masu kore. Man inji ya yi wuya. Ayuba ya koma ban ruwa da bokiti, daga rami zuwa gona, daga gona zuwa rami. Wuni yake tsaye cikin ruwa har gwiwa, bai kai ɗigo bakinsa ba. Leɓensa ya tsage yana jini. In yawu ya taru ya tofar. Masu yi masa dariya sunka daina. Wannan ya yi masa daɗi, na gani a idonsa.

Da magariba ya kwance randa, mu yi addu'a mai tsawo, sannan mu sha. Tuwon dawa da miyar kuka, gishiri kaɗan. Hatsin da munka rage ba ya ajiye shi. Yakan auna ya kai wa Baba Markus. Ko babu azumi rumbunmu ba ya da kauri a wannan lokaci, sai albasa ta fita. In na ce zan ƙara tuwo ya ce, "Ciki bawa ne, in ka saba masa ya zama sarki." In sha ruwa har cikina ya yi ƙara, amma kafin hantsi ya bi zufa ya tafi.

Makon farko nono ya jure. Na biyu ya fara tsinkewa, ya koma kamar ruwan wankin shinkafa. Ladi ta kama, ta ja, ta saki, ta yi kuka, ta sake kamawa. Kan nonon ya tsage. Na matsa da yatsa, ɗigo biyu.

An fara cirar albasa, aikin mata ya tashi. Ana yanke ganye, a daka, a dunƙula, a shanya ya zama gabu na miya. Ni nake ɗauko ganyen daga gona in kai gidan Hajo, don ita ba ta fita. Ran nan na ɗaga taɓarya sai na ga turmi ya zama biyu. Na zauna a ƙasa.

Hajo ta ce, "Ke Saratu, mi ad da ke? Kin bushe kamar gabun bara. Kuma na ga an kihe tukunya, na ce ko itace ya ƙare."

"Azumi nake, Yaya."

"Azumin mi?"

"Namu."

"Da ɗanyen jego?" Ta ajiye taɓarya. "Wane malami yab ba ku wanga? Dube ni nan. Musulma ɗiyar Musulmi, jikar liman. Ga hurata, da rana tsaka ni ka sha, Malam na kallo. In na yaye in rama. Ke Allahnku bai san mace ba?"

"Ya sani. Maigida ne ya karanta."

"Shi ya karanta, shi ka ba da nono?"

Ta miƙo kwaryar kunu. Na ce a'a. Ta ce in ban sha ba za ta ɗura mini kamar akuya. Na sha. Ina sha ina kuka, ina jin na sayar da wani abu. Sai ta ce, "Miƙo ta nan." Ta sauke Bello, ta ɗora Ladi. Yarinyar ta kama kamar za ta cire naman. Ina jin ƙarar haɗiyarta daga inda nake zaune. Ta sha har ta yi barci baki buɗe.

Da yamma Ayuba ya dube ni ya ce, "Buɗe baki." Na buɗe. Ya ce harshen mai azumi fari ne, nawa ja ne, kuma yana jin warin kanwa. Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa ya yi mini addu'ar tuba, ya sa na maimaita. Daga ranar ya ce in riƙa bin shi gona ina yankan ganye inda zai gan ni. Kai ganye gidan Hajo kaɗai ya bari, shi ma in ajiye in juyo. Ya san kunu. Bai san nonon ba. In na shiga, Hajo na tsaye da zane a kwance, ta karɓi yarinya, ni in kurɓi abin da ya samu in goge harshe da toka. Shan nan ɗaya na rana shi ya riƙe Ladi. Ba ta yi ƙiba ba, amma tana motsi, tana bin haske da ido.

Yaran yanzu in na ce musu an yi haka, sai su ce, "Kaka, don me ba ki tafi gidanku ba?" Su suna da waya, da babur a bakin ƙofa, da asibiti a cikin gari. Gidanmu tafiyar mota biyu ce, uwata ta mutu, ubana ya ci sadaki ya manta.

Musulmi sunka kai talatin sunka yi Salla. Gari ya cika da ƙamshin miya da suya. Hajo ta aiko da tuwon shinkafa, man shanu na yawo a kai, da tsokar nama. Ayuba ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya, ya ɗauka ya kai wa Baba Markus. Ya dawo ya ce, "Su sun sauka. Mu muna da saura." Na lashe murfin kwanon da ya bari.

Bayan Salla da 'yan kwanaki ana cika buhuna a gona, maza sun taru. Ina gefe ina yankan ganye. Malam Sidi ya zo, mutum mai fara'a, bai san akwai abin ɓoyewa ba. A wurinsu abin alheri ne, kuma dole a sanar, don kada yara su girma su yi aure cikin rashin sani. Ya dafa kafaɗar Ayuba ya ce, "Ashe mun zama dangi ba ka hwaɗa ba?"

"Dangi kamar yaya, Malam?"

"Ɗiyarka mana. Ta sha nonon gidana ta ƙoshi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyat ba. Ita da Bello yanzu wa da ƙanwa na. Da na so in yi mishi kamu tun tana zane, to ƙohwa ta ruhe."

Anka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Ashe arba'in ɗin da nonon 'yan talatin aka riƙe ta."

Anka ƙara dariya. Ayuba ya yi murmushi. Ya ƙulle buhun da ke hannunsa, ya ɗauki wani.

A gida bai buge ni ba. Da ya buga da ya fi. Ya ce, "Kin nuna musu Allahnmu bai iya ciyar da jariri."

Na ce, "Ya ciyar da ita. A ƙirjina ya sa abincin. Kai ka ɗaure shi."

"Shaiɗan ke magana da bakinki."

"Yunwa ce."

Ya ce saura mako ɗaya, makon shan wuyar Ubangiji, kuma ba za mu yi shi cikin gari ba, gari ya cika jaraba. Jeji za mu. Akwai bukkar kara a ƙarshen gona inda yake gadin albasar da anka baza tana shan iska. Ya ɗauki tabarma da tulu da littafinsa. Na goya Ladi na bi shi. Hajo ta leƙo ta kan katanga tana kira, "Saratu! Ina za ki da ita cikin rana haka? Ayuba, ka ji tsoron Allah!" Ya ce, "Shi nake ji."

Bukkar ba ta tare komai. Rana na shigowa ta tsakanin kara ta zana jikinka. Ko'ina warin albasa, ya shiga ido, ya shiga maƙogwaro. Ƙuda ba iyaka. Daga nesa kana ganin ƙasa na rawa. In ya tafi can gefen gona, in rarrafa zuwa ramin ban ruwa, in kawar da kore da hannu in sha. Ruwan bai zama nono ba. Na tsoma bakin zane na ɗiga wa Ladi. Ta tsotsa. Kashegari zawo ya kama ta.

Maɗigarta ta faɗa, har kana iya zuba ruwa ya tsaya. Idonta ya shige. Tana kuka ba hawaye. Tsummanta ya wuni a bushe. Na nuna masa. Ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a har muryarsa ta dushe, hawaye na bin gemunsa. Yana sonta. Ya ce gwaji ne, kuma gwaji yakan yi tsanani in ya kusa ƙarewa. Ya ce daga Alhamis da yamma har asubar Lahadi ko magariba ba za mu sha ba, mu ƙarasa da ƙarfi, za ki ga abin da Allah zai yi. Ya tuntsurar da tulun a gindin bukka. Ƙasa ta shanye kafin in kai hannu.

Ran Jumma'a da rana tsaka ya fita fili, ya durƙusa kan busasshiyar laka, ba hula, ya ɗaga hannu. Ladi ta daina kuka tun safe. Bakinta kawai ke buɗewa. Na ɗaure ta a baya na kama hanya.

Ya gan ni. Ya kira, "Saratu! Jibi ne fa! Jibi kaɗai!"

Ban juya ba.

Takalmina ɗaya ya tsinke na yar da duka. Rairayi na cin tafin ƙafa. Na faɗi, na tashi. Ina jin zafinta a bayana kamar an goya mini garwashi. Ina yi mata magana, ina cewa ga gidan Inna Hajo can, ga katanga can. Wajen kukar bakin gari na ji ƙafafunta sun saki. Ban tsaya na duba ba. Na ƙara sauri.

Hajo na tankaɗe. Ta watsar da rariya, ta kwance goyon da kanta, ta zauna a ƙasa ta sa mata nono a baki. Ta matsa. Nonon ya cika bakin, ya gangaro ta kumatu, ya shiga kunne. Ta sake matsawa. Ta girgiza ta. Sai ta yi salati, ta ja bakin zanenta ta goge mata fuska.

Kafin magariba anka rufe ta bayan rumfar coci. Malam Sidi da mazan nan masu wasa su sunka haƙa ramin, don Ayuba da ya iso bai iya ɗaga magirbi ba. Ƙasar ta yi tauri, sai da sunka zuba ruwa ta yi laushi. Malam Sidi ya miƙa wa Ayuba buta ya ce, "Sha, don girman Allah." Ya girgiza kai. Ya koma bukka. Ya ƙarasa azuminsa.

Ni Hajo ta riƙe ni. Ta dama kunun kanwa, ta dama fura, ta sa anka yanka kaza. Na ce ba ni ci. Ta ce, "Wa za ki bar ma? Ci." Na ci. Na ci Jumma'a, na wuni ci Asabar, na sha ruwa kamar raƙumi. Jiki ba ya da kunya.

Ran Lahadi, ranar Ista, fasto ya iso kan babur, da sabuwar riga, yana murna. Mata sun dafa shinkafa, an yanka akuya. Baba Markus ya riƙe hannunsa ya gaya masa abin da ya faru. Fasto ya ja Ayuba bayan rumfa. Zana ba ta riƙe magana, duk muna ji.

"Wa ya ce ka yi haka?"

"Na karanta, Fasto."

"Wanda ka karanta ya tafi jeji, shi kaɗai ya tafi. Bai ɗauki mai jego ba. Bai ɗaure randar kowa ba."

Can Ayuba ya ce, da wata 'yar murya kamar ta yaro, "To azumin nawa fa? Ya karɓu?"

Fasto ya bar shi nan, ya shigo rumfa.

Na ji tambayar nan da kunnena. Da ita a cikina na ci gaba da tuƙa masa tuwo har ya tsufa, na yi jinyarsa, na rufe masa ido. Bai sake tsayawa gaban coci ba, bai kuma koma giya ba. Ba mu sake haihuwa ba. In akwai tsarkin da na koya, a bakin murhun nan na koye shi: in zuba wa mutumin nan miya, in sa gishiri daidai, in roƙi Allah ya cire mini abin da nake ji, gobe in tashi in tarar yana nan, in sake roƙo. Wannan ya fi ƙishi wuya, kuma ba ya ƙarewa a arba'in. Har yau ina azumi in lokaci ya zo. Bakina ne, cikina ne. Ba na tambayar kowa ko ya ɗauka.

Ran Lahadin nan dai anka shiga sujada. Anka buga ganga, mata sunka ɗauki waƙar tashi daga matattu, suna tafi, suna juyi. Ina zaune a baya. Sai na ji ƙirjina ya yi nauyi, yana tsira kamar ana soka allura. Na duba. Rigata ta jiƙe, gida biyu, tana yaɗuwa. Nono ne. Ya dawo. Ya cika har yana ɗiga a cinyata, fari, mai kauri, irin na makon farko.

Matar da ke kusa da ni ta gani ta rufe baki. Na naɗe hannu a ƙirji na fita. Na wuce sabon tudun ƙasar nan ban duba ba. Na wuce Ayuba zaune gindin zana da kwanon shinkafa a gabansa. Na shiga gidan Hajo ba sallama.

Tana ɗaki tana yi wa Bello wasa. Ta dubi rigata. Na zauna bakin gado, na ce, "Yaya, ciwo yake mini."

Ta ɗauko shi ta ɗora mini a cinya. Yaro ne mai nauyi, mai wuya uku. Ya dube ni, ya shinshina, ya kama. Ya ja da ƙarfi har na ji a ƙashin baya. Yana sha yana wasa da ƙafa, yana kama mini yatsa. Gangar coci na shigowa ta taga.

Hajo ta juya fuska bango. Can ta share hanci da bakin zane ta ce, "Wancan ma ya cika. Sauya mishi."

Na sauya masa.